Sunan Mai Karɓar Kaya

Mu biyar ne a ofishin ranar da Alhaji Sabo mai kago ya ba mu wa'adi. Akwai shi Alhajin, mutumin Kano, wanda ya daɗe yana tura wa 'yan kasuwa kayansu daga kasuwar Al Sabkha ta Dubai zuwa gida. Akwai Kabiru, magatakardansa, mai zama a gaban kwamfuta. Akwai Malam Idi, dattijon da ke ɗaure kaya yana ɗora su a sikeli. Akwai 'yata ta fari, wadda kowa a unguwar Deira ke kira Injiniya. Sai ni, Hajiya Ladi, ina zaune kusa da ƙofa da jakata a cinya.

Alhaji bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Hajiya, tunda kuka sa mini wannan abu na kwamfuta, kaya suna isa Kano lafiya, amma sai wasu su zauna a sito babu mai ɗauka. Masu zuwa ɗauka kuma wakilina yana korar su, wai ba sunansu ne a jiki ba. Shekaranjiya wani dattijo ya kusa marinsa. Ranar Alhamis mai zuwa zan loda kwantena. In ba ku gyara ba kafin nan, ku zo ku kwashe wayoyinku in koma littafina. Khalas, shi ke nan."

Injiniya ta ce ta bincika komai sau uku. Abin da aka shigar a Dubai shi ne yake fitowa a Kano, ko harafi ɗaya bai canza ba. Ta waiwaya ta dubi Kabiru. Kabiru ya ce shi abin da aka faɗa masa yake bugawa, in an ce masa jaki zai buga jaki. Malam Idi ya ci gaba da jan igiyarsa.

Na ce, "Alhaji, a ba ni kujera ta kwana uku."

Ya ce, "Kujera kuma? Gyara na ce, Hajiya, ba ziyara ba."

Na ce, "Na ji. A ba ni kujerar."

Bari in tsaya nan in gaya muku ko mene ne aikinmu, ku da kuke zuwa da takardun digiri a hannu kuna cewa ai wannan sana'a ba ta da wuya, danne-danne ne kawai. Mu ba ma sayar da kwamfuta. Ɗan kasuwa ne zai kira mu ya ce harkarsa ta yi masa yawa, ya rasa gane abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu je mu duba, mu gaya masa abin da yake bukata da abin da ba ya bukata, mu haɗa masa, mu koya wa ma'aikatansa, sannan mu zauna da shi shekara da shekaru, duk ranar da abu ya tsaya ya kira mu. Haɗawar kwana biyu ce. Zaman shi ne aikin. Ba mu da ubangida, ba mu da albashi. In mutum ya daina kiranmu, babu wanda zai aiko mana da takarda ya ce an sallame mu. Shiru kawai za mu ji.

Ni ban yi boko ba, ko rana ɗaya. A Kano dillanci na yi, gida-gida, shekara kusan talatin. Reno ne ya kawo ni Dubai, lokacin da Injiniya ta haihu tana aikin albashi. Da ta ajiye aikin ta buɗe nata, sai ta riƙa dawowa gidanmu na unguwar Satwa da fuska a murtuke. Tana yin aiki mai kyau, amma bayan wata biyu sai ta tarar an lulluɓe kwamfutar da darduma an koma biro.

Wani shagon turare ne ya shigar da ni sana'ar. Na bi ta ne kawai don na gaji da zaman ɗaki. Mai shagon yana ƙorafin cewa manhajar da ta sa masa tana mantuwa, rabin abin da ya sayar ba ya ciki. Ita tana can ta duƙa tana tone-tone, ni ina zaune ina kallo. Sai na ga duk sanda mai saye ya shigo, mai shagon zai miƙa hannu a hankali ya kashe fuskar kwamfutar, ya jawo takarda. Sau huɗu ya yi haka. Na tashi na je na tsaya inda mai saye ke tsayawa. Daga nan ana hango komai, har da farashin da ya saro kayan. Na ce wa Injiniya, "Juya masa teburin nan ya kalli bango." Aka juya. Manhaja ta daina mantuwa. Tun daga ranar ta ce ba za ta ƙara karɓar aiki ba sai na fara zuwa na zauna.

Shekara biyu ina ɗaukar mata jaka ina koyo, uwa tana almajirancin 'yarta, kuma ba ta raga mini ba. Na koyi matse kan wayar intanet. Silili takwas ne a ciki, kowane da launinsa, kuma akwai jerin da ba a saɓa shi: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, a haka har ƙarshe. Wannan ba ya bukatar karatu, ido yake bukata da hannu marar rawa. Na ɓata kai ya fi cikin gwangwani kafin ɗan akwatin gwaji ya kunna mini fitilunsa takwas a jere. Na koyi cewa kowane aiki sai an yi masa kwafi na ajiya, kuma kwafin ba ya kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa. Ni na kawo dokar salatif mai launi: jar waya ta kyamara ce, koriya ta firinta, rawaya kar wanda ya taɓa. Na yi ne don kaina, sai ga shi masu digiri ma sun fi gane hakan a waya idan an ce musu, "Zare koriyar ka mayar."

Amma kayan aikina na gaske uku ne: kujerar roba, da bakina a rufe, da ƙwallayen dabino. Jakata tana da aljihu biyu. In ina son in san sau nawa abu yake faruwa, duk sanda ya faru sai in ɗauke ƙwallo ɗaya daga hagu in sa a dama. Babu wanda ke ɓoye halinsa a gaban tsohuwa mai wasa da ƙwallon dabino. Bayan awa ɗaya sun manta da ni.

Sai shekarar da aka rufe gari ta zo, shekarar cutar nan. Jirage suka tsaya, 'yan kasuwa suka daina zuwa, Al Sabkha ta zama kamar an share ta. Waɗanda muke yi wa aiki wasu suka rufe, wasu suka koma gida. Da aka buɗe, mutum uku suka rage mana. A wannan hali Alhaji Sabo ya kira. Ofishinsa shi ne ƙofar kasuwar. In ya yaba da kai, masu kago goma za su neme ka. In ya fitar da wayoyinka a kwali ya ajiye a bakin hanya, kafin la'asar kowa ya sani. Ya ce yana so a gama cikin mako guda. Injiniya ta dube ni, na dube ta. Na ce a je a yi. Ban zauna ba. Shi ne aiki ɗaya tak da na bari aka haɗa ban zauna ba, kuma ni na yanke hakan, ba ita ba.

Abin da aka haɗa masa mai sauƙi ne. Mai kaya ya kawo kayansa, a auna, Kabiru ya buga sunan mai turawa da cikakken sunan mai karɓa. In babu sunan mai karɓa, kwamfuta ba ta wucewa gaba. Firinta ta fitar da takarda a manna a jikin kaya. A Kano kuma wakili ba ya sakin kaya sai sunan da ke katin shaidar mutum ya yi daidai da na takardar. An yi haka ne don maganin masu ɗaukar kayan da ba nasu ba.

Ranar farko na sa kujerata tsakanin sikeli da teburin Kabiru. Ban ga komai ba sai zafi da hayaniya. Maza suna zuwa, a tambaye su, su faɗi suna kamar ana karanta musu, su wuce. 'Yan mata masu saro jaka da takalma su ma haka, wasu ma su miƙa waya su ce, "Ga shi nan, kwafa." Na koma gida ƙwallayena duk suna hagu. Amma kafin in tafi na sa Kabiru ya karanto mini sunayen masu kayan da suka maƙale. Wasu na san su. Abin da ya ɗaure mini kai, babu namiji ko ɗaya a ciki, babu yarinya ko ɗaya. Duk manyan mata ne, sa'o'ina. Na kwana ina juya wannan. Ta yaya kwamfuta za ta san shekarun mutum har ta zaɓi tsofaffin mata ta yi musu mugunta?

Rana ta biyu, bayan azahar, Hajiya Tabawa ta shigo da kwali shida na takalma. Mace ce mai jiki da murya, tana da shago a Kano, kowa a kasuwar ya san ba a taka ta. Ta yi faɗa da Malam Idi a kan sikeli, ta ce ya ɗora ƙafarsa. Ya ce, "Hajiya, ƙafata ma kilo nawa ce?" Aka yi dariya. Sai ta iso gaban Kabiru.

Ya ce, "Sunan mai karɓa?"

Ta ce, "Alhaji."

"Alhaji wa?"

"Alhajin gidanmu mana."

"Hajiya, cikakken suna nake so. Yalla, yi sauri, mutane suna jira."

Bayanta maza kusan takwas ne a layi. Wani ya ce, "Hajiya, ko kin manta sunan angon ne?" Matar da ta cika ofis da murya yanzun nan sai ta ja mayafi ta gyara, ta dubi silin, ta ce a hankali, "Sa Auwalu Garba." Kabiru ya buga. Na ɗauke ƙwallo ɗaya na sa a dama.

Kafin a tashi ranar, ƙwallo biyar suka koma dama. Wata ta ce a sa "Mai Shadda". Wata ta ba da sunan autarta da ke firamare. Wata kuma, da aka matsa mata, sai ta kira waya ta miƙa wa Kabiru ta ce, "Ungo, tambaye shi da kanka." Wannan ban sa mata ƙwallo ba, amma na riƙe ta a raina.

Na bi Hajiya Tabawa waje, na same ta a wurin mai shayi. Na saya mana kofi biyu. Na ce, "Hajiya, Auwalu Garba maigidan ne?"

Ta ce, "Wane irin maigida? Ƙanena ne. Yana Kaduna."

"To shi zai je ɗaukar kayan?"

"Me zai kai shi? Alhaji ne zai je, kamar kullum."

"To me ya sa ba ki ba da sunansa ba?"

Ta ajiye kofin ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke ba Bahaushiya ba ce? Shekara talatin da takwas ban kama sunan mutumin nan ba, ko a ɗaka. Sai yau, a gaban garada, saboda kwalin takalmi? Wancan zuwan ma da na ce a sa babban ɗana, yaron nan ya ce sai na faɗi sunansa. Ɗan fari fa! Ni na ɗauka tambayar ta cika takarda ce kawai. Da can wa ya taɓa tambayata suna? Malam Idi ne zai zana mini tsanina mai hawa uku a jikin kwali, Alhaji ya je ya nuna kayansa ya ɗauka."

Na koma ciki na tambayi Malam Idi zancen tsani. Ya ce kowace Hajiya tana da alamarta. Wata tsani, wata mataji, wata ido biyu da layi a ƙasa. Ya fi shekara goma sha biyar yana zana su da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, duk suna kansa. Da aka kawo firinta aka ce masa ya daina, wai yana ɓata kwali. Na ce me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ni, Hajiya? Ni mai igiya ne."

Rana ta uku ban ma zauna ba. Na tara su da safe kafin a buɗe ƙofa, na zube ƙwallayen biyar a kan teburin Alhaji, na faɗa musu abin da na gani. Kabiru, wanda a Legas ya tashi, ya ce shi ya ɗauka jan aji ne kawai irin na manyan mata. Injiniya ta ce, "Mama, wannan ai ba matsalar manhaja ba ce. Suna ne fa. Mutum ya kasa faɗin suna?"

Na ce, "Ke, tunda kike, kin taɓa jin na kira ki da naki?"

Alhaji ya fashe da dariya har da buga tebur. Ya ce, "Wallahi ni ma Hajiyata 'kun ji' take ce mini. Jikokina sun ɗauka sunana ke nan." Sai dariyar ta tsaya masa. Ya ce, "To amma katin shaida fa? Ba zan koma zamanin da kowa zai nuna kwali ya ce nasa ne ba."

Nan muka yi ta ja. Alhaji ya ce a riƙa ba su takarda su rubuta. Na ce rabinsu irina ne, biro ba ya yi musu magana. Kabiru ya ce a kai su gefe su raɗa masa a kunne. Malam Idi ya ce, "Kai, yaro, ka rufa wa kanka asiri." Sai na tuna matar da ta miƙa waya. Na ce, "Babu 'yar kasuwar da ba ta san lamba ba. Wadda ba za ta faɗi sunan mijinta ba, za ta karanto maka lambar wayarsa ido a rufe. Ku tambayi lamba." Injiniya ta jawo kwamfutarta. Ta ce za ta iya sa manhajar ta aika wata lamba ta sirri zuwa wayar mai karɓa, shi kaɗai zai gan ta. Wanda ya je sito da wannan lamba, a wayar da aka aika mata, shi ne mai kaya. Suna ya zama na ganin dama. Na ce a ƙara abu ɗaya: a mayar wa Malam Idi makarsa, ya zana alama, a ɗauki hotonta ya tafi tare da lambar.

Kwana biyu ta yi a kan gyaran. Ni kuma na ɗauki wayar ofis na bi matan da kayansu suka maƙale ɗaya bayan ɗaya. Ban tambayi kowa suna ba. Sai in ce, "Hajiya, maigida ne zai ɗauka ko babban?" Ta ce maigida. In ce, "Ba ni lambarsa." Wasu suka zage ni tukuna, na tsaya suka gama, don sun fi ni gaskiya. Kafin Laraba sito ya fara yin sarari.

Ranar Alhamis ana loda kwantena, Hajiya Tabawa ta dawo da ƙarin kwali biyu. Alhaji ya fito daga ɗakinsa ya tsaya a bayan Kabiru, hannu a baya. Kabiru ya ce, "Hajiya, lambar mai karɓa?" Ta zubo ta ba ko numfashi. Malam Idi ya zana tsaninsa mai hawa uku, aka ɗauki hoto. Ba ta kai ƙofa ba wayarta ta yi ƙara. Muna jin muryar dattijo daga Kano: "Wai wace lamba ce aka turo mini da hoton tsani? Ko 'yan damfara ne?" Ta ce, "Ku adana ta, kun ji? Kayanku ne. Kar ku goge kamar yadda kuka saba."

Alhaji ya dubi wayoyin da ke bin bango, jar da koriyar da rawayar. Ya ce wa Kabiru, "A bar su." Ya koma ɗakinsa. Iyakar abin da ya ce ke nan.

A motar komawa Satwa, da la'asar, na tambayi Injiniya ko akwai wani wanda muka sa wa irin wannan gurbin suna na dole. Ta ce akwai Alhaji Mamman na Abu Hail, ɗaya daga cikin ukun da suka rage mana, wanda ke tura kayan ɗaki, ta ƙara masa gurbin bayan an gama na Alhaji Sabo. Ta ce bai taɓa ƙorafi ba, za ta gyara masa daga gida, ba ma zai sani ba. Na ce gyaran zai hana na gaba, amma wanda ya riga ya tafi fa? Ta ce, "Mama, da kyar muka tsira da wannan. Za ki je ki tono mana wani da hannunki? In ya ce mu kwashe fa?" Na ce yana iya cewa.

Washegari bayan na yi sallar asuba na karya, na mayar da ƙwallayena aljihun hagu, na hau bas zuwa Abu Hail. Na tarar Alhaji Mamman yana buɗe shago. Ya ce, "Hajiya Ladi, lafiya? Ban kira ku ba, komai yana aiki."

Na ce, "Na sani. Akwai laifin da muka yi maka, ba ka gano shi ba tukuna. Kira wakilinka na Kano ka tambaye shi kayan mata nawa ne ke zaune a sito. Kafin ya ɗauka, a miƙo mini kujera."